Ina son kwamfuta ta riƙa tuƙa ƙaramin injin sassaƙar ƙarfena: daga ina zan faro?

Mai_Tagulla

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu aikin ƙarfe.

Ina da ƙaramin injin sassaƙar ƙarfe mai juyi, irin wanda ake ɗorawa a kan benci, samfurin da ake kira 7x14. Yana juya abu mai kaurin milimita 180 a kan gado, tsakanin tsinin kai da tsinin wutsiya kuma milimita 350. Motonsa na DC ne mai wat 550, giyoyin canjinsa na roba. A ɗakin aikina na gida yake, yawanci da daddare nake taɓa shi in na tashi daga aiki.

Abin da ya fi zuwa hannuna shi ne bushin na tagulla da ƙananan mahaɗan tiyo na alminiyam, kuma ba guda-guda ake nema ba, sai a ce talatin ko arba'in iri ɗaya. Wanda ya fi gajiyar da ni yana da zare M16 mai tazarar milimita 1.5 a gefe guda, ɗaya gefen kuma ya ɗan tsuke don tiyo ya hau. To dogon sukurun injina na inci ne, zare 16 a kowane inci. In zan yanka zaren milimita sai na sauya giyoyi, in sa mai haƙori 21 ɗin nan da ke kawo lissafin kusa-kusa, kuma babu damar in saki notin da ke kama sukurun har sai zaren ya ƙare. Kowane yanka sai in janye wuƙa, in tsayar da inji, in mayar da shi baya, in ƙara zurfi, in sake turawa. Kafin in yi nisa idona ya fara yaji, hannuna ya fara yin abin da ban sa shi ba. Ga kuma tsukewar: sai na karkatar da ƙaramin teburin sama, in na gama in dawo da shi, kullum ana cikin kwance da ɗauri.

Shi ya sa nake so in mayar da injin na CNC, wato wanda kwamfuta ke tuƙawa. Abin da nake da shi a ƙasa: sitefa, wato moto mai juyi taku-taku, guda biyu masu girman NEMA 23 da ƙarfin riƙo nuton-mita 1.9, direbobinsu (allunan da ke ba su wuta) DM542, da allon Arduino Uno mai manhajar GRBL wanda nake tuƙa ƙaramin injin zanen katako da shi. Ba ni da injin milin, wato mai sassaƙa da wuƙa mai juyi, sai diril na tsaye da fayil da haƙuri.

Ku taimaka mini. Shin GRBL ɗin nan zai yi aikin, ko sai na nemi wani abu? Sitefan sun isa, ko in nemi NEMA 34? Sannan wanda ya fi damuna: dole ne sai na cire sukuran da injin ya zo da su na sa masu 'ya'yan boris, wato bolsukuru, ko zan iya maƙala moto a kan na asali in ci gaba da harkata? Ba na so in wargaza injin da ke yi mini aiki in ƙare da tarin ƙarafa a kwali.

Sifili_X

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, Arduino ɗin nan bar wa injin katako kayansa. GRBL na asali bai san inda sifindil, wato sandar da ke juya abin aiki, yake a cikin juyinsa ba, don haka ba ya karɓar umarnin G33 ko G76, waɗanda da su ake yanka zare. Zai rage maka kauri, zai yi maka tsukewa tsaf, amma zaren da ya kawo ka ba zai iya ba. Akwai ƙanensa grblHAL da ke aiki a kan alluna masu 32-bit, wanda a wasu allunan yake bin enkodar sifindil, wato na'urar da ke ƙirga juyinsa. Ni dai manhajar LinuxCNC zan nuna maka. Tushensa wani aiki ne na hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, mai suna EMC, kuma ya daɗe yana tuƙa injin juyi. Sitefanka kuwa sun isa har da ragi. Sauran bayanin sai manya sun zo.

Tsohon_Maƙeri

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Na ga rabin tambayarka a kan moto da allo take, kuma haka kowa ke farawa, tunda su ne masu ƙyalli. Na yi wannan aiki a ƙaramin inji irin naka, na kuma yi a babba, kuma ko'ina wayarin bai ci mini lokaci kamar gyaran jikin injin kansa ba.

Dalili kuwa, hannunka yana rufa wa injin asiri ba ka sani ba. In wuƙa ta fara karkarwa, a tafin hannu kake ji, sai ka sassauta. In sitiyarin gicciye yana da wasa, ka riga ka saba ka ja baya ka dawo ta gefe guda. Kwamfuta ba ta ji, ba ta gani. Taku kawai take ƙirgawa, ta ɗauka wuƙa ta isa inda aka aike ta.

Saboda haka kafin ka sayi ko noti ɗaya, ɗauko agogon awo. Dafa bakinsa a kan sirdi, wato abin da ke ɗauke da wuƙa yana zamewa a kan gado, ka kama sirdin da hannu biyu ka gwada ɗaga shi gaba da baya. Waɗannan ƙananan injuna da farantai biyu ake riƙe sirdinsu ta ƙarƙashin gado, kuma saitin farantan ba ya zama. Ka yi musu shim, wato siririn cikon ƙarfe, daidai kauri, ka ɗaure su tam, yadda sirdin zai zame daga kai zuwa wutsiya ba ya ɗagawa, ba ya kuma cijewa. In ƙarƙashin gadon ya fi kauri a wani wuri, sai ka bi shi da fayil da dutsen wasa. Bayan nan siririn ƙarfen da ke matse teburin gicciye: ciro shi, ka goge shi a kan abu mai laushin fuska har ya kwanta. Ƙaramin teburin sama kuma ka cire shi gaba ɗaya, ka sa dunƙulen ƙarfe mai tsayinsa ka ɗora mariƙin wuƙa a kai. Da kwamfuta ba ka da buƙatarsa, domin tsukewa ba komai ba ce illa tafiyar X (ta gicciye) da Z (ta tsawon gado) a lokaci guda, shi kuwa shi ne wuri mafi rauni a injin. Wannan sauyi kaɗai yana kashe yawancin karkarwar da mutane ke ɗora wa moto laifinta. In kuma kana da ƙarfin hali ka buɗe kan injin, boris ɗin sifindil 6206 ne, ana maye su da masu tsini 30206. Sai dai ka sani sabbin sun ɗan fi faɗi, milimita 17.25 maimakon 16, don haka zoben da ke tsakani sai an rage shi.

Yanzu maganar sukuru. Na Z, wato mai bin tsawon gado, kar ka tsaya shawara, sa bolsukuru. SFU1605 ake yawan sawa: kauri milimita 16, kowane juyi ya tafi milimita 5, da mazaunin boris BK12 a gefen moto, BF12 a ɗaya gefen. Ga abin da ya sa. Dogon sukurunka yana tafiyar milimita 1.5875 ne kawai a juyi. In kana so sirdi ya koma da gudun milimita 2000 a minti, sai moto ya yi juyi 1260 a minti, inda sitefa ba shi da sauran ƙarfi, sai ka ji ya yi ƙara ya tsaya alhali kwamfuta na ci gaba da ƙirga. A kan 1605 juyi 400 ya isa. Ƙari a kan haka, notin nan mai buɗewa biyu ba a yi shi don kai da komowa dare da rana ba, kuma irin wannan sukuru yawancin ƙarfin da ka ba shi a gogayya yake ƙarewa, alhali bolsukuru yana isar da kusan kashi 90 cikin 100.

Ta nan za ka gane sitefanka sun isa. Ƙarfin juyi nuton-mita 1 a kan sukuru mai tafiyar milimita 5 yana tura sirdi da ƙarfin da ya haura nuton 1100, kamar nauyin kilo 115. Moton sifindil mai wat 550 zai durƙusa tun kafin Z ya gaji. NEMA 34 ba abin da zai ƙara maka sai girman ɓarna ranar da wuƙa ta nufi cak, wato abin da ke damƙe ƙarfen da ake juyawa.

X shi ne mai wuyar sha'ani, kuma a can ingancin aikinka yake. Duk kuskuren da aka yi a X sau biyu yake fitowa a kauri: wuƙa ta zarce da milimita 0.02, bushin ya rame da 0.04, ya ƙi kama abin da aka yi shi dominsa. Sitefa taku 200 yake yi a juyi. A kan SFU1204 mai tafiyar milimita 4, in ka haɗa kai tsaye, cikakken taku ɗaya milimita 0.02 ne, wato 0.04 a kauri. Direba zai tsattsaga takun gida 8 ko 16, amma kar lissafin takarda ya ruɗe ka: ƙananan takun suna sa tafiya ta yi santsi, ba su da ƙarfin riƙe wuƙa daidai inda ka ce in ƙarfe yana ture ta. Shi ya sa nake sa bel mai haƙora da fuli biyu bisa ɗaya a X. Da taku 1600 a juyi, lissafin ya zama taku 800 a milimita, na Z kuma 320. Matsalar ita ce wurin zama, domin notin 1204 jikinsa ya kai milimita 22 zuwa 24, ramin da ke ƙarƙashin teburin gicciye kuwa ƙarami ne. Auna naka ka faɗa mana.

Sai enkoda, wadda ita ce ainihin abin da kake nema. Yanka zare yana nufin duk juyi ɗaya na sifindil sirdi ya tafi milimita 1.5 cif, kuma duk lokacin da wuƙa ta dawo ta faɗa ramin da ta bari. Don haka kwamfuta na buƙatar abu biyu: alama ɗaya a kowane juyi da za ta ce mata «faro nan», da kuma alamomi masu yawa a cikin juyin da za ta riƙa bi. Manhajar Mach3, wadda mutane da yawa suka fara da ita, da alama ɗayar nan kawai take yanka zare: ta auna gudu, ta ɗauka haka zai tsaya. A babban inji mai nauyin cak ba laifi. A naka, da wuƙa ta nutse sai gudun ya faɗi, sirdi kuma bai sani ba, sai tazarar zaren ta kauce. LinuxCNC tana bin matsayin sifindil ne ba gudunsa ba. In ya sassauta, Z ya sassauta tare da shi. Za ka iya sa faifai mai tsagu a bayan sifindil inda giyar farko take, ko enkoda ta saye da bel mai haƙora ɗaya bisa ɗaya. Ko wanne ka zaɓa, kar ka toshe ramin sifindil, milimita 20 ɗin nan za ka buƙace su don dogon ƙarfe.

Abu na ƙarshe: duk mazaunin moto, zobba, da bushin ɗin da aikin zai ci, ka sassaƙa su tun injin yana raye. Bolsukuru kuma ka saya an riga an gyara masa bakuna, domin fatarsa taurarre ce, wuƙarka ba za ta ji daɗinta ba. Kuma kar ka kuskura ka zare notinsa ba tare da bututun da ya zo da shi ba, 'ya'yan boris ɗin za su watse a ƙasa.

Zare_Da_Noti

Baba Tsohon_Maƙeri ya yi bayani, ba ni da ta cewa a kan lissafinsa. Amma Malam Mai_Tagulla, bari in kawo wata hanya, don na ga ba a ambace ta ba.

Ka sake karanta kukanka: canjin giya, zaren milimita a kan sukurun inci, da rashin damar sakin noti. Akwai abin da ke maganin mafi yawan wannan ba tare da an taɓa X ba. Ana cire giyoyin canji, a sa enkoda a sifindil, sitefa ɗaya a kan dogon sukurun da kake da shi, da ƙaramin allo mai maɓallai a tsakani. Ka danna 1.5 ya ba ka zaren 1.5, ka danna zare 20 a inci ya ba ka, babu sauran maganar giya mai haƙori 21 ko 127. Wasu allunan ma suna tsayar da sirdi a inda ka sa masa iyaka, su mayar da shi mafari ba tare da sun manta matsayinsa ba, kai naka janye wuƙa da ƙara zurfi. Haka nawa injin yake, kuma ban taɓa jin ina kewar wani abu ba.

Abin da nake jiye maka a cikakken CNC shi ne ka rasa injin hannu, tunda shi kaɗai gare ka. Bolsukuru ba ya riƙe kansa. Da an ɗauke wa moto wuta, ƙarfin yanka zai iya ture teburin baya, sitiyarin ya riƙa juyawa da kansa. Ranar da kake so ka ɗan share bakin wani bol na minti biyu, sai ka kunna kwamfuta, ka kai inji gida, wato mafarin ƙirgarsa, ka saita wuƙa, ka rubuta layi. Na san ana sa sitiyarin lantarki a madadin na hannu, na kuma gwada, amma ba ka jin ƙarfe a hannunka.

Kuma ban yarda cewa wasa a X yana kashe aiki kamar yadda ake tsoratarwa ba. A injin juyi ƙarfin yanka gefe guda yake tura wuƙa in kana aikin waje. In shirin ya riƙa kawo wuƙa daga waje zuwa ciki kullum, wasan a cike yake. Inda yake tona asiri shi ne in za ka yi ƙwallo ko baka, inda X ke juya akala a tsakiyar yanka. Bushin da mahaɗin tiyo ba su da wannan. Da tsohuwar zuma ake magani.

Mai_Tagulla

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na bi umarni na ɗauko agogon awo. Sirdi yana ɗagawa milimita 0.07 ta baya, ta gaba kusan babu. Wasan X milimita 0.18 ne, kuma da na lura, wani daga cikinsa ba a noti yake ba, a wuyan sitiyari yake, don ina ganin sukurun kansa yana motsi gaba da baya. Ramin da sukurun gicciye ke bi bai kai milimita 20 a faɗi ba, ke nan notin 1204 ba zai shiga ba sai an rarake sirdin, ni kuma ba ni da milin.

Malam Zare_Da_Noti, maganarka ta tsaya mini a rai. Sai dai abin da ke cin lokacina ba zaren kaɗai ba ne. Guda ɗaya na mahaɗin nan yana da kauri uku daban-daban, tsukewa, tsagi, sannan zare. So nake in ɗaura ƙarfe, in danna, in canza wuƙa in an ce in canza, guda na arba'in ya fito kamar na farko. Don haka zuciyata tana kan cikakken aikin.

Ƙarin tambaya ga masu ilimin wuta. Ina da tsohuwar kwamfutar tebur mai ramin firinta irin na da, mai fil 25. Za ta yi? Kuma yaya zan sa manhajar ta riƙa sarrafa gudun sifindil? Yanzu da ɗan maɓallin murɗawa nake ƙara gudu da ragewa. Ina tunanin in cire wayoyinsa uku in kai su allon kwamfutar.

Mai_Wayarin

Tsaya, ɗan'uwa, kar ka taɓa wayoyin nan tukuna. A yawancin allunan da ke tuƙa moton DC na irin waɗannan injuna, maɓallin murɗawar ba a ware shi daga wutar gida ba. Tsakanin wayoyinsa ƙaramar wuta ce, amma tsakaninsu da ƙasa akwai wutar da za ta iya kashe mutum. Ka haɗa ɗaya da ƙasan allon kwamfuta, nan take allon moto ya tafi, wataƙila ya ja kwamfutar su tafi tare. Dole a sa abin da ke raba su, wanda sigina ke tsallakawa ta haske. Ko kuma ka bar gudun a hannunka da farko. Zare bai damu da wanda ke murɗa gudu ba muddin enkoda na ƙirgawa.

Kwamfutar teburin za ta iya, amma fara gudanar da gwajin jinkiri da ke zuwa tare da LinuxCNC, ka bar shi yana aiki kana buɗe abubuwa kana motsa tagogi. Iyakar ramin firinta a ƙirgar enkoda take. Faifai mai tsaga 100 da idon lantarki biyu yana ba da ƙirga 400 a juyi. A juyi 2000 a minti ya haura ƙirga 13,000 a daƙiƙa, nan ma an kusa bango. Enkoda mai layi 1024 a wannan gudun ta haura 136,000, ramin firinta ba zai gan su ba. In kana so ka huta, nemi katin Mesa 7i96S mai haɗuwa ta wayar netwok. Shi ke fitar da taku, shi ke ƙirga enkoda, yana kuma da mafitar da ke tsayawa a madadin maɓallin murɗawa. Duk da haka auna wutar da ke kan wayoyin naka ka gwama da abin da littafin katin ya yarda.

DM542 iyakarsa 50V. Ni 36V nake ba shi, saboda in sirdi yana tsayawa moto yakan mayar da wuta baya, a kan 48V kuwa ba ka da rata. Kar ka cire wayar moto alhali direba na kunne, a nan suke mutuwa. Wayar enkoda ta zama mai rigar ƙarfe, a kai rigar ƙasa ta gefen akwatin, kuma kar ta bi hanya ɗaya da wayar moton sifindil.

Maɓallin tsayawar gaggawa kuma kar ya zama roƙo ne ga manhaja. Ya zama mai rufaffiyar hanya da ke riƙe da kwantakta, wato babban makunnin wutar moto, ta yadda in ka buga shi, ko waya ta tsinke, wutar sifindil ta yanke ko kwamfuta ta so ko ta ƙi. In daga baya ka fara amfani da G96, mai ƙara gudu yayin da wuƙa ke kusantar tsakiya, kar ka bar shi ba D, wato iyakar juyi, in ba haka ba yana share fuska zai kai cak ƙarshen gudunsa.

Tsohon_Maƙeri

Madalla da awon nan, ƙanena, yanzu muna magana a kan abin da ke akwai. Zare_Da_Noti ya faɗi gaskiya a kan X, kuma da abin da ka auno, shawarata ta karkata wajensa rabi. Kar ka rarake sirdi yanzu. Motsin da ka gani a wuyan sitiyari babu bolsukurun da zai gyara shi. Ka yi sabon mazauni mai boris biyu masu tare turi, ɗaya ta kowane gefe, da noti mai matse su. Notin gicciyen kuma sukurori uku ke riƙe da shi ta saman tebur, na tsakiya yana tura shi ƙasa, na gefe suna ɗan karkatar da shi ya cike wasa. Da waɗannan biyu za ka sauko da 0.18 ɗin ƙasa sosai, abin da ya rage ka rubuta wa manhaja ta riƙa cikewa. Sukurun yana da ƙaramar tafiya, don haka haɗa moto kai tsaye, ba ka buƙatar fuli. Tun da mahaɗinka yana da rami a ciki, ka tuna wuƙar ciki waje take nufa in tana ƙara yanka, sai shirin ya kawo ta daga tsakiya. In notin ya cinye nan gaba, akwai bolsukuru mai kaurin milimita 8 da tafiyar milimita 2 wanda jikin notinsa ya fi dacewa da raminka, kuma lokacin injin da kansa zai sassaƙa maka abin da za ka ɗaura shi da shi.

Kar ka yi rowar makunnin gida a X, wanda ke nuna wa kwamfuta mafarin ƙirga. Shi zai sa gobe in ka kunna, kaurin da ka saita jiya yana nan. Ka ɓoye shi inda ɓarɓashin ƙarfe ba ya sauka, haka ma bolsukurun Z ka yi masa rufi, don garin tagulla yana shiga ko'ina. Saitin wuƙa kuwa: ɗan yanka kaɗan, ja baya ta Z kawai ba ka taɓa X ba, auna da maikuromita, ka faɗa wa manhaja kaurin da ka samu. Kowace wuƙa da mariƙinta da lambarta.

Zarenka na M16 a juyi 500 a minti yana buƙatar sirdi ya yi milimita 750 a minti, moton Z juyi 150 kacal, abu ne mai sauƙi a wurinsa. Fara wuƙar daga nesa da bakin aiki kamar tazarar zare uku, don Z ya samu ya kamo sifindil kafin ta taɓa ƙarfe. Gwajin farko a iska, babu komai a cak, hannunka a kan jan maɓalli. Na biyu ka shafa wa alminiyam tawada, ka bar wuƙa ta ɗan karce shi sau da yawa, ka duba ko layi ɗaya take bi. A G76, P ita ce tazara, Q, wato kusurwar shigar wuƙa, ka ba ta 29.5 don wuƙa ta riƙa ci da gefe guda, H kuma yawan shafar ƙarshe ba ƙarin zurfi, biyu sun wadatar a ƙaramin inji mai lanƙwasa. Zurfin zaren waje kusan 0.613 ne sau tazara, wato milimita 0.92 a naka. Amma in kana cikin G7, inda ake rubuta X da kauri, to I da J da K su ma da kauri ake ba su, ke nan K, wato cikakken zurfin zaren, zai zama 1.84. In ka rubuta 0.92 a can, zaren zai fito da kyan gani amma rabin zurfi, noti ya ƙi hawa.